Tsohuwar da ba ta iya zama a ƙasa, akwai rabonta a yoga?

Malama, kin ce mahaifiyarki tana da shekara 76, ciwon gwiwa ya hana ta zama a ƙasa, tana dogara sanda idan tafiya ta ɗan yi nisa, tana shan maganin hawan jini, kuma barcinta ya lalace. An ba ki shawarar ta gwada yoga da zaman tattara hankali, amma duk bidiyon da kika gani na matasa ne masu lanƙwashe jiki kamar ba su da ƙashi, shi ya sa kike tambaya ko akwai rabonta a ciki, ko kuwa ki ƙyale ta ta huta. Akwai rabonta a ciki, kuma a cikin zaɓin nan biyu ƙyale ta ta huta shi ne ya fi cutarwa. Sai dai akwai sharuɗɗa, wasunsu ma sun fi motsin kansa muhimmanci. Na daɗe ina aikin gashin ƙashi da farfaɗo da gaɓoɓin tsofaffi, kuma da wannan idon zan ba ki amsa.

Yoga daga Indiya ta fito, kuma a tushenta tana haɗe da falsafa da addinan ƙasar, amma abin da ake koyarwa a asibitoci da cibiyoyin kula da tsofaffi, wanda shi nake nufi a nan, abu uku ne: zama ko tsayuwa cikin wani tsari na jiki, sarrafa numfashi, da tattara hankali wuri ɗaya. Babu ɗaya daga cikin ukun da ya wajabta sauka ƙasa. Wani shahararren malamin yoga, B.K.S. Iyengar, wanda ya rasu a 2014 yana da shekara 95, ya yi suna a makarantarsa ta birnin Pune saboda shigar da kujera da bargo da ɗamara da guntun katako cikin darasi, domin da yawa daga cikin masu zuwa wurinsa ba za su iya kai jikinsu inda malami yake kai nasa ba. Hikimar da ke cikin wannan ita ce a tambayi kowane motsi abin da ake so ya yi wa jiki. Idan amfaninsa miƙar da tsokar bayan cinya ne, ana iya miƙar da ita a zaune a bakin kujera, ƙafa ɗaya a miƙe, diddige a ƙasa, ba tare da an sunkuya an kamo yatsun ƙafa ba. Idan amfaninsa buɗe ƙirji ne, jan allon kafaɗu baya a hankali ya wadatar. Siffar da kike gani a bidiyo hanya ce ɗaya daga cikin hanyoyin isa ga manufar, kuma idan kiɗa ya sauya, rawa ma dole ta sauya.

Na ce hutu yana cutarwa ne saboda tsokar ɗan Adam tana fara raguwa tun daga wajen shekara 30, da kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, raguwar kuma tana ƙara sauri bayan shekara 60, zaman wuri ɗaya yana ƙara ingiza ta. Yadda abin yake faruwa kuwa shi ne: gwiwa ta yi ciwo, sai a rage tafiya, tsokar cinya da ke tallafe da gwiwar ta yi rauni, sai nauyin jiki ya ƙara sauka a kan gaɓar, ciwo ya ƙaru, tsoron faɗuwa ya shigo, sai a ƙara rage tafiya. Sau da yawa 'ya'ya masu tausayi su ne suke ƙarasa aikin ba da saninsu ba, da yawan cewa "Mama zauna, bari in ɗauko miki." Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta nemi wanda ya kai shekara 65 ya riƙa motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, ya ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu, ya kuma yi atisayen daidaita tsayuwa kwana uku ko fiye, sannan ta ce wanda ba zai iya kai wannan ba ya yi gwargwadon ikonsa, domin kaɗan ya fi babu. Hukumar ta kiyasta cewa faɗuwa tana kashe mutum kimanin 684,000 a duniya kowace shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a cikinsu.

Jiki magayi ne, amma ba kome yake faɗa ba. Gwiwar Mama tana magana, idan aka takura ta za ta yi kuka nan take, don haka ba ta cika ba ni tsoro ba. Abubuwan da nake tsoro a jikin tsoho su ne masu shiru, kuma na farkonsu zaizayewar ƙashi ce, wadda ta yawaita ga mata bayan ɗaukewar al'ada. Ƙashi yakan yi ta zama kamar soso a ciki shekara da shekaru ba tare da ciwo ba, har ranar da zai karye. Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne ɗaya bisa ɗaya, kuma idan mutum ya ranƙwafa gaba yana mai gantsara bayansa waje kamar baka, nauyi yakan taru a gaban kowane ƙashi, wanda ya riga ya zaizaye sai ya lotse. A 1984 wata likita a asibitin Mayo da ke Amurka, Mehrsheed Sinaki, ta wallafa sakamakon bibiyar wasu mata masu wannan matsala: cikin waɗanda aka ba atisayen ranƙwafawa gaba, kashi 89 cikin ɗari sun sami sabuwar karaya a ƙashin baya, cikin waɗanda aka ba atisayen miƙar da baya kuwa kashi 16 ne kawai. Matan da aka bibiya ba su da yawa, amma tazarar ta isa ta sauya yadda muke aiki har yau. Abin damuwa shi ne yoga ta yau da kullum cike take da ranƙwafawa gaba da murɗa baya har ƙarshe, kuma zama a kujera bai kawar da haɗarin ba ko kaɗan, domin mai sunkuyawa daga kujera yana neman taɓa ƙasa da hannu yana yi wa ƙashin bayansa daidai abin da mai yi a tsaye yake yi.

Saboda haka ki duba Mama da kyau. Idan tsawonta ya ragu, ko bayanta ya fara doro, ko ta taɓa karya wuyan hannu ko ƙashin kwatangwalo daga ƙaramar faɗuwa, ko ta daɗe tana shan maganin rage kumburi irin su prednisolone, to ki ɗauka ƙashinta mai rauni ne har sai likita ya tabbatar da akasin haka, kuma akwai hoton auna ƙarfin ƙashi da ake kira DEXA wanda yake fayyace lamarin. Ni a aikina, duk macen da ta kai shekarunta ina ɗaukar ta a haka tun kafin hoton. Idan za ta karkata gaba, ta karkata daga kwatangwalo, baya a miƙe, hannuwa a dafe kan cinya. Idan za ta juya gefe, ta miƙe tukuna, ta juya iya inda tsokarta ta kai ta da kanta, kada ta kama bayan kujera ta ja jikinta don ta ƙara murɗawa, kada kuma kowa ya sa hannu ya tura ta.

Abu na biyu mai shiru shi ne jini. Magungunan hawan jini, musamman masu sa fitsari, sukan sa jini ya faɗi idan mutum ya miƙe tsaye, kuma likitoci suna ɗaukarsa matsala idan lambar sama ta awon jini ta sauka da 20 ko ta ƙasa da 10 cikin minti uku da miƙewa. Wannan shi ne jirin da tsofaffi suke ji idan suka tashi daga gado, kuma yakan fi tsanani bayan dogon zama cikin natsuwa, wato daidai ƙarshen darasin yoga. Idan kuna da na'urar awon jini, ki auna mata a zaune, sannan a tsaye bayan minti ɗaya da bayan minti uku. Idan kin ga irin wannan faɗuwa ki kai wa likitanta lambobin, kada a taɓa maganin a gida. Kafin ta miƙe daga kowane zama ta motsa idon sawu sau goma, ta buga ƙafafu kamar mai tafiya a zaune, ta miƙe, ta tsaya tana dafe da wani abu na ɗan lokaci kafin ta ɗaga ƙafa. Riƙe numfashi yayin yunƙuri yana sa jini ya yi tsalle sama farat ɗaya, don haka ba a yinsa. Ba a kuma saukar da kai ƙasa da zuciya, saboda hawan jini da kuma saboda ido, domin hakan yana ƙara matsin ruwan cikin ido, abin da yake da haɗari ga mai ciwon gilakoma, ciwon da shi ma yakan ci gani shiru-shiru. Wanda aka yi wa aikin ido kwanan nan ya jira izinin likitansa. Yogar da ake yi a ɗaki mai zafi sosai kuwa ba ta tsofaffi ba ce.

Akwai wasu matsaloli biyu da ba ki ambata ba. Wanda aka sauya wa gaɓar kwatangwalo yakan sami umarni daga likitan tiyata, sau da yawa na kada ya harɗe ƙafafu ko ya ɗaga gwiwa sama da ƙugu a makonnin farko, kuma umarnin yana gaba da na kowane malamin yoga. Mai ciwon suga da jijiyoyin ƙafarsa suka mutu bai kamata ya yi atisaye ba takalmi ba, ko da yake al'adar yoga ce a cire shi, domin zai iya jin rauni bai sani ba. Idan za ki kai Mama wurin likita, kada ki tambaye shi ko za ta iya yin yoga, domin kalmar ta yi faɗi. Ki tambaye shi ko akwai motsin da aka hana ta, da kuma yadda ƙashinta da idonta da jininta suke.

Kujerar da za a yi amfani da ita ta zama mai ƙarfi, marar taya, marar laushi, a jingina ta da bango don kada ta zame. Tsawonta ya kasance idan Mama ta zauna tafin ƙafafunta biyu suna ƙasa daram, ƙugu yana daidai da gwiwa ko ya ɗan fi ta tsawo, abin da yakan zo wajen santimita 43 zuwa 46 ga yawancin mutane. Idan ta yi mata ƙasa a ninke bargo a ɗora, domin kujera mai gajarta tana wahalar da mai ciwon gwiwa. A kawar da shimfiɗar da za ta iya harɗe ƙafa.

Darasin farko shi ne zaman kansa. Ta matso gaba kaɗan daga majingina, ta ji nauyinta ya sauka daidai a ɓangarorin biyu, ta miƙar da baya kamar ana jan tsakiyar kanta sama da zare, ta saki kafaɗu. Mutanen da suka shekara suna nutsewa cikin kujera mai laushi sukan gaji da wannan zama cikin minti biyu, wanda ke nuna cewa tsokar baya aiki take yi. Daga nan sai a bi gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya ana haɗa kowane motsi da numfashi: juya kai dama da hagu a hankali ba tare da jefa shi baya ko kewaya shi ba, juya kafaɗu baya, ɗaga hannuwa yayin shaƙa da sauke su yayin fitarwa iya inda kafaɗa ta yarda, buɗe yatsu da dunƙule su, karkata gefe kaɗan hannu ɗaya yana riƙe da kujera, miƙar da gwiwa ɗaya a riƙe ta daƙiƙa biyar ana numfashi sannan a sauke, ɗaga diddige da ɗaga yatsun ƙafa. Kowanne sau biyar zuwa takwas ya isa a farko. Haɗa motsi da numfashi shi ne abin da na fi daraja a yoga, domin yana hana gaggawa, yana hana riƙe numfashi, kuma yana sa mutum ya lura da abin da gaɓarsa take gaya masa kafin ya wuce iyaka.

Da za a ce in zaɓi motsi ɗaya tak in bar sauran, tashi daga kujera da komawa zan zaɓa. A yoga akwai tsayuwar da ake durƙusawa rabi kamar za a zauna a kujerar da babu ita, kuma tashi daga kujera ta gaske ita ce siffarta ga tsoho. Ta matso bakin kujera, ta ja ƙafafu baya kaɗan su zo ƙarƙashin gwiwa, ta karkata gaba daga kwatangwalo baya a miƙe har hancinta ya zo saitin yatsun ƙafa, ta fitar da numfashi yayin da take miƙewa, sannan ta koma a hankali tana ƙirga uku, ba ta faɗa cikin kujerar ba. Komawar nan a hankali tana gina tsoka ƙwarai, kuma ita ce mutane suka fi yi wa ha'inci. A farko ta dafa hannun kujera da hannu biyu, daga baya da ɗaya, daga baya ba dafawa. Wannan motsi shi ne yake yanke hukuncin ko tsohuwa za ta ci gaba da shiga banɗaki da kanta ko sai an kama ta, kuma duk wanda ya yi jinyar babba ya san irin mutuncin da ke rataye a wannan.

Kuskuren da nake yawan gani a azuzuwan yogar kujera shi ne a zaunar da kowa daga farko har ƙarshe, har da masu iya tsayuwa, saboda hakan ya fi wa malami kwanciyar hankali. Ba a koyon daidaita tsayuwa a zaune. Ƙwaƙwalwa tana tsayar da mutum ne da saƙon da take samu daga ido, da cikin kunne, da tafin ƙafa da gaɓoɓi, kuma tsarin nan yana kaifi ne kawai idan ana ɗan jarraba shi. Wata babbar bita ta ƙungiyar Cochrane, mai tattarawa da tantance sakamakon binciken lafiya, a 2019 ta nuna cewa atisayen daidaita tsayuwa da na motsin yau da kullum suna rage yawan faɗuwar tsofaffi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Tun da Mama tana tafiya da sanda, tana iya tsayuwa, don haka rabin darasinta ya kamata ya zama a tsaye, tana bayan kujera mai nauyi ko gaban teburin da ba ya motsi, ke kuma kina gefenta. Ta haɗe ƙafafu ta tsaya, ta sa ƙafa ɗaya rabi gaban ɗaya, ta ɗaga diddige, ta taka gefe ta dawo. Tsayuwar da ake kira ta bishiya, wadda matasa suke ɗora ƙafa a kan cinya, ga Mama ita ce ta jingina diddigen ƙafa ɗaya a idon sawun ɗayar, yatsu suna ƙasa, hannu yana kan kujera. Ci gaba a nan shi ne rage riƙo: daga hannu biyu zuwa ɗaya, zuwa yatsa biyu, zuwa hannu yana shawagi kusa da kujerar.

Game da ciwon gwiwar, ɗan ciwon da ta saba da shi ba dalilin tsayawa ba ne, domin gaɓar da ke da amosani tana samun sauƙi da motsi, guringuntsi ba shi da jijiyar jini, da matsawa da saki yake samun abincinsa daga ruwan gaɓa. Ciwo mai suka, ko kumburi da zafi a gaɓar, ko gwiwa ta riƙa ballewa, su ne ake tsayawa dominsu. Ma'aunin da muke amfani da shi mai sauƙi ne: idan bayan awa biyu da gamawa ciwon ya fi yadda yake kafin a fara, an yi yawa, gobe a rage rabi, amma kada a daina. Ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi mai tsanani, jiri mai neman kayar da ita, raunin hannu ko ƙafa farat ɗaya, ko harɗewar magana, waɗannan na asibiti ne nan take.

Numfashi shi ne ɓangaren da raunin gaɓa ba ya taɓawa. Babba yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, kuma idan aka sassauta shi ya kusanci sau shida, fitarwa ta fi shaƙa tsawo, ɓangaren jijiyoyin da ke kwantar da jiki yakan yi rinjaye, bugun zuciya ya ɗan ragu. Ta ɗora hannu a ciki, ta shaƙa ta hanci tana ƙirga uku ko huɗu tana jin cikin yana tasowa, ta fitar tana ƙirga biyar ko shida. Idan ƙirgan ya takura ta a rage shi, domin numfashin da ake kokawa da shi ba ya kwantar da kowa. Mai ciwon huhu ya fitar ta baki da leɓɓa a tsuke kamar mai hura abu mai zafi. Numfashin nan mai sauri da ƙarfi da ake bugawa daga ciki, irin su kapalabhati, da kuma dogon riƙe numfashi, a bar su baki ɗaya.

Abin da ake fassarawa da zuzzurfan tunani, ni na fi son in kira shi tattara hankali, domin sunan farko yana sa mutane su zaci ana so su nutse cikin tunani, alhali tunanin ne yake hana su barci. Aikin shi ne a ajiye hankali a kan abu ɗaya, kamar shigar numfashi da fitarsa, idan ya gudu a lura a dawo da shi ba tare da faɗa da kai ba, kuma zai gudu sau da yawa, dawo da shi ɗin shi ne atisayen. Harɗe ƙafafu a ƙasa ba sharaɗi ba ne. Kujera, ko gado da matashi ƙarƙashin gwiwoyi, duk sun yi. Shirin da Jon Kabat-Zinn ya kafa a 1979 a makarantar likitanci ta Jami'ar Masachusets, mai tsawon mako takwas, don marasa lafiya masu ciwon da ya ƙi jin magani aka tsara shi, kuma ɗaya daga cikin ginshiƙansa a kwance ake yinsa: a bi jiki da hankali daga yatsun ƙafa har kai, ana lura da abin da ake ji a kowane wuri. Ga mai ciwon gwiwa wannan yana da wani amfani na musamman, domin yana nuna mata cewa ciwon yana hawa yana sauka, kuma akwai sassan jikinta da yawa da lafiyarsu ƙalau, waɗanda ciwon ya sa ta manta da su.

Minti uku zuwa biyar ya isa a farko. Wadda rufe ido yake sa ta jiri ko fargaba ta bar shi a buɗe tana duban ƙasa. Wadda ba ta ji sosai ta zauna inda za ta ga bakin mai jagoranta. Wadda numfashi yake yi mata wuya kada a ce ta sa hankali a kansa, domin hakan yakan ƙara mata tsoro. Ta ajiye hankalin a kan tafin ƙafa, ko ɗumin hannu, ko wata kalma da ta zaɓa da kanta wadda zuciyarta ta natsu da ita. Shiru yakan tono abin da aka binne, kuma tsofaffi suna ɗauke da rashe-rashe da yawa, don haka idan hawaye suka zo ba laifi ba ne, amma idan zaman yana barinta cikin ƙunci kowane lokaci a dakata a nemi mai duba lafiyar ƙwaƙwalwa.

Kada in sa miki rai fiye da kima. Wata bita da masana Jami'ar Johns Hopkins suka wallafa a 2014, bayan duba gwaje-gwaje 47, ta sami hujja matsakaiciya cewa irin wannan horo yana rage fargaba da baƙin ciki da ciwo, ragi na gaske amma ba mai yawa ba. Wani ƙaramin gwaji a Amurka a 2015 ya nuna ingantuwar barci ga manya masu matsalarsa bayan mako shida. Ƙungiyar likitocin amosani ta Amurka a ƙa'idarta ta 2019 ta amince da yoga ga ciwon gwiwa bisa sharaɗi, ta kuma fi ƙarfafa taici, wato atisayen nan na ƙasar Sin mai tafiya a hankali, wanda hujjarsa wajen hana faɗuwa ta fi ta yoga ƙarfi. Yoga ba za ta mayar da guringuntsin da ya cinye ba, ba kuma za ta maye gurbin maganin hawan jini ba. Barcin ma yana da kyau likita ya duba ko ciwo ne, ko yawan fitsarin dare, ko lokacin shan magani yake ɓata shi.

Ga wanda ya fi Mama rauni, hanyar ɗaya ce, ana dai ƙara rage girman motsin. Mai keken marasa lafiya a danne masa birki, ya yi na hannu da baya da numfashi, ya riƙa sauya nauyinsa daga gefe zuwa gefe don kada fata ta yi gyambo. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye yana iya tallafar hannun da ya mutu da mai lafiyar, amma kada kowa ya ja masa shi sama, domin kafaɗar takan goce. Mai ciwon mantuwa a zauna gabansa a yi ya kwaikwaya, a bi tsari ɗaya kullum, a rage bayani.

Idan kin sami malami, ki lura ko ya tambayi cututtukanta da magungunanta kafin ya fara. Wanda bai tambaya ba, ko yake danna jikin ɗalibai da hannunsa don su ƙara lanƙwasa, ki ɗauke ta daga wurinsa. Idan bidiyo za ku bi, ki kalle shi ke kaɗai tukuna ki cire duk sunkuyawa da murɗawar da na ambata. Sannan ki yi tare da ita, kujerarki kusa da tata, domin babba ba ya jin daɗin a tsaya a kansa ana ba shi umarni, kuma manufar da za ki ambata mata ta zama tata, kamar iya tashi ba a kama ta ba, ko iya ɗaukar jikanta a cinya. Ku fara da minti goma, kwana uku a mako, a lokacin da gaɓoɓinta suka fi sakewa kuma ba daf da gama cin abinci ba, zaman tattara hankalin kuwa kullum kafin kwanciya. A ranar farko ki ƙirga sau nawa take iya tashi daga kujera ta koma cikin daƙiƙa 30, ki rubuta lambar tare da ko ta dafa ko ba ta dafa ba, ki sake ƙirgawa bayan mako shida da kujera ɗaya, sannan ki kai wa likitanta lambobin biyu a ganinsu na gaba.